Keken da Masta Usumanu Bai Ƙarasa Ba

Duk wanda ya shiga gidan Masta Usumanu, tun daga ranar rasuwarsa har matarsa ta fita takaba, ya ga gangar jikin keken nan a rataye jikin bangon tsakar gida. Ba taya, ba sirdi, ba sarƙa, abin da masu gyara ke kira firam ne kawai. Rabinsa na baya an kankare shi fes, rabin gaba kuwa yana nan da tsohon fenti ruwan hoda mai ɓarewa. Mutane sukan kalle shi su girgiza kai, su ce Allahu akbar, ya tafi da aiki a hannu. Amma babu wanda ya lura cewa ruwan damina ya yi wata huɗu yana dukan bangon nan, kuma wurin da aka kankare ko ɗigon tsatsa bai yi ba. Ƙusar da ke riƙe da shi ta yi ja har ta zubo da layi a bango, shi kuwa yana nan fari. Barikisu kaɗai ta lura. Ta ce a ranta albarkar hannun mijinta ce, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Mma Barikisu mai sabulu ake ce mata a zangon Tamale. Shekarunta hamsin da takwas. Mahaifinta mai fataucin shanu ne da ya gangaro daga Nijar ya zauna, mahaifiyarta kuma ta rasu tun tana ƙarama, don haka a hannun Gwaggo Alimatu ta tashi. A wurinta ta koyi haɗa man kaɗe da alayyadi da soda a babbar roba, a juya da muciya har hannu ya gaji, a zuba a akwatin katako ya kwana, a yanka da waya. Sodar ta ci tafin hannunta tun tana budurwa, har yau in ta shafa kan jariri sai ta yi da bayan hannu.

Tana da shekara ashirin da ɗaya ta auri Usumanu, fita mai gyaran keke a gindin wata darbejiya kusa da kasuwar Aboabo. A lokacin Tamale garin kekuna ne. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, mata masu kai kaya kasuwa da goyo a baya, kowa a kan keke yake. In keken mutum ya tsufa yana son a sabunta masa fenti, Usumanu yakan kwance shi ya kawo firam ɗin gida. Yana da rabin duro da aka yanka a tsaye. Sai ya cika shi da ruwa, ya ɗebi sodar matarsa ya zuba, ya nutsa firam tun da safe. Kafin azahar fentin ya saki, yana saɓulewa kamar ɓawon dafaffen rogo.

"Masta, sodar nan fa ba ta gwamnati ba ce," in ji ta kullum.

"Rubuta a bango," yakan ce, ya ƙara wani cokalin.

Shekara talatin tana kallon wannan aiki daga bakin murhu. Sun haifi 'ya'ya uku, biyu suka koma tun suna ƙanana, Mashudatu ce ta rayu, ta yi karatu, yanzu tana koyarwa a Kumasi. Moto, wato babur, ta zo ta cika gari, masu kawo keke suka ragu, amma Usumanu bai bar gindin darbejiyarsa ba.

Garin kuma ya yi ta faɗi. Masu shagunan da ke karɓar sabulun Barikisu suka koma Kalpohin, wasu Jisonayili, ɗaya har Dungu. Da baƙin kekenta na ƙarfe take zagaya su, da kwali biyu a kariya. Sai gwiwa ta fara ciwo. Keken ya yi mata nauyi, in ya karkata da kaya ba ta iya tare shi, ranar da ya kayar da ita a gaban wani shago Usumanu ya ba wani manomi shi. Ta gwada hawa yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, sai ta ga ribar sabulun duk a kuɗin hanya take ƙarewa.

Wata rana Usumanu ya dawo da keken nan da firam ɗinsa ke bango yanzu, cikin tsofaffin kayan waje da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema. Ya ce ta ɗaga. Ta sa hannu biyu ta yunƙura, sai ga keke ya tashi sama kamar kwando, har ta kusa faɗuwa ta baya. Ya yi dariya har da tari. Ta ce a ɗaura kariya ta hau gobe. Ya ce a'a, matar fita ba ta yawo a gari da keke mai ɓarewar fenti, mutane su ce mijinta ya mutu. Shuɗi za a fesa masa, kuma sabon fenti ba ya kama tsohon da ke ɓarewa, sai an cire shi tas.

Amma bai jawo rabin duron ba. Kowace safiya sai ya zauna a kan benci da sanfefa mai laushi, takardar nan ta kankare fenti, da gwangwanin ruwa, ya jiƙa, ya goga wuri kamar faɗin yatsa biyu, ya shafa da babban yatsa, ya sake gogawa.

"Masta, da wannan tafiyar sai jikata ta hau shi. Ga soda can, yau kyauta na ba ka."

"Bar shi. Wannan na hannu ne."

Iyakar abin da ya ce ke nan, shi dama ba mai yawan bayani ba ne. A lokacin ciwon zuciya ya riga ya rage shi, hawa dakali ma sai ya huta. Barikisu ta ɗauka jan duron ne ya fi ƙarfinsa, yana kuma jin kunyar ya ce ta taimaka masa. Don kada ta kunyata shi ta daina maganar. Wata Talata a farkon damina ya rataye firam ɗin, ya wanke hannu, ya ce zai ɗan kishingiɗa kafin azahar. Bai tashi ba.

Ranar sadakar arba'in, bayan baƙi sun watse, Mashudatu ta zauna kusa da ita a tabarma.

"Mma, in kin fita takaba ki zo mu tafi. Na gyara miki ɗaki."

"In yi me a Kumasi? In zauna ina gadin talabijin?"

"Ki huta. Wa zai kai miki sabulun? Da wace ƙafa?"

Barikisu ta ɗaga haɓa ta nuna bango.

"Mma, wannan ai ƙashi ne ba nama."

"Babanki ya yi rabi, ni zan ƙarasa. Abokinsa Andani ya ce zai fesa ya haɗa. In keken nan ya tashi, ina nan a ɗakina da sana'ata, kada ki sake yi min maganar Kumasi. In bai tashi ba, ki zo ki ɗauke ni, ba zan ce uffan ba."

"Zuwa yaushe?"

"Ƙarshen watan da zan fita."

Mashudatu ta san uwarta. Ba ta taɓa jin ta faɗi magana ta janye ba. Ta ce to.

Da takaba ta ƙare, saura kwana goma sha ɗaya wata ya mutu. Barikisu ta sauke firam ɗin, ta zauna a kan bencin mijinta da sanfefarsa da gwangwaninsa. Kwana uku tana yi. Fentin nan hawa uku ne, ruwan hoda a sama, fari a ƙasa, sannan wani toka-toka da ya manne kamar fata. A miƙaƙƙen wuri yana fita da ƙyar, a kusurwoyin da aka yi walda kuwa ko motsi. Yatsunta suka kumbura, abin da ta cire bai kai tsawon tafin hannu ba. A rana ta huɗu ta tashi ta leƙa ta katanga.

"Safiatu! In kin sauke kokon zo ki kama min abu."

Safiatu maƙwabciyarta ce mai sayar da koko da ƙosai, shekara ashirin suna raba katanga ɗaya. Ta shigo tana goge hannu a zani, suka jawo rabin duron daga bayan ɗaki, ƙadangaru suna watsewa.

"Yau kuma fita muka zama? Masta Barikisu, a ba ni aikin hura taya."

"Ke da ko hura wuta sai kin yi tari?"

"To wa za ki burge da shuɗin keke? Jiya-jiya kika fita takaba."

"Tsohon nan mijinki. Kama can."

Suka yi dariya, ita ce dariyar farko da aka yi da ƙarfi a gidan tun farkon damina. Barikisu ta cika duron, ta auna soda yadda ta ga yana aunawa, ta ƙara cokali biyu saboda fentin waje ne. Ta juya da sanda, ta yi bisimilla, ta nutsa rabin gaban firam ɗin, ta jingina na bayan a bakin duro.

Ba a jima ba ruwan ya fara tsiyi. Ƙananan kumfa suka taso daga wuraren da fentin ya ɓare, suka yi yawa, ruwan ya soma tafasa ba wuta a ƙarƙashinsa. Wani tururi mai shaƙe maƙogwaro ya tashi.

Safiatu ta ja da baya ta toshe hanci da gefen mayafi. "Haka yake yi?"

Barikisu ta tsaya. A shekara talatin ba ta taɓa ganin duron Masta ya tafasa ba. Amma kuma bai taɓa sa keken waje a ciki ba.

"Fentin Turawa ne, yana gardama," ta ce. "Ci yake yi. Bar shi zuwa azahar."

Safiatu ta koma wurin ƙosanta. Barikisu ta ja kujera can nesa inda tururin ba ya kaiwa, ta zauna tana tsince shinkafa, ranta fari. Har ta fara tsara hanya: Kalpohin ranar Litinin, Jisonayili Laraba, Dungu sai gwiwa ta saba.

Da ta idar da sallar azahar ta sa safar roba, ta kama bayan firam ɗin ta ɗaga. Ruwan ya koma baƙi, duron da zafi. Fentin ya fita kam, babu ko ɗigon ruwan hoda. Amma abin da ya fito ba fari ba ne kamar rabin Masta. Baƙi ne ƙirin, kamar gindin tukunya. Ta kai shi bakin famfo ta yi ta kwara ruwa, ta sa soso. Baƙin ya wanke, sai ga ƙarfen ya yi ƙuraje-ƙuraje, duk jikinsa ƙananan ramuka. A ƙasan babban bututun, kusa da wuya, ta ga wani ɗan haske. Ta ɗaga shi sama ta duba. Rana ce take shigowa ta ciki.

Ba ta kira Safiatu ba. Ta naɗe firam ɗin a tsohon buhu, ta yafa mayafi, ta tare yalo-yalo zuwa Aboabo.

Andani Badagombe ne, abokin Usumanu tun suna yaran shago, shi ke da injin feshi. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" yake ce musu. Yana ganinta ya miƙe daga kan tayar da yake zaune.

"Maman Mashuda! Antire."

"Naa," ta amsa gaisuwar yamman. "Ya aiki, Mba Andani?"

"Aiki ya tafi da moto. Ka kawo amaryan? Fenti yana nan tun abokina yana da rai, shi ya zaɓa da kansa."

Ya ɗauko ƙaramin gwangwani daga saman kanta, ya hure ƙurar murfin ya nuna mata. Ita kuwa ta kwance buhun.

Andani ya daɗe yana kallo. Ya ajiye gwangwanin a hankali. Ya karɓi firam ɗin, ya shafa rabin baya, ya shafa na gaba. Ya danna bututun da babban yatsa kusa da ramin, sai wurin ya lotsa kamar gwangwanin madara.

"Me ka sa masa?"

"Abin da Masta ke sawa."

"Soda?"

Ta gyaɗa kai.

"Wayyo, Maman Mashuda." Ya zauna. Ya miƙa hannu ya ɓamɓaro wani maganaɗisu na tsohuwar rediyo da ke manne a ƙafar tebur. Ya kai shi jikin wani baƙin keke da ke jingine, ya kama ƙam. Ya cire ya kai jikin nata, ya saki, maganaɗisun ya faɗi ƙasa. "Ka gani? Wannan ba ƙarfen keke ba ne irin namu. Alminiyam ne. Ƙarfen tukunya."

"Tukunya?"

"Irin wanda ka ke dafa tuwo. Shi ya sa ba nauyi. Ba ya son soda, ba ya son wuta, sai hannu, ko wani magani na kanti da ake shafa masa."

Barikisu ta nemi benci ta zauna. Abin da ya zo mata ba fuskar Usumanu ba ce, hannun Gwaggo Alimatu ne. Tana da shekara tara, ranar farko da aka ce ta jiƙa soda, ta ɗauko farar tukunyar miya don ita ce kusa. Gwaggo ta buge mata hannu har tukunyar ta gangara, ta ce ko a mafarki kada ta sake haɗa soda da wannan ƙarfen, cinye shi take yi. Shi ne karatun farko a sana'ar. Ita kanta ta koya wa mata fiye da goma, ta buge hannun wasu. Ludayin alminiyam ma ba ya kusantar robarta.

"Na sani," ta ce, muryarta can ƙasa. "Mba Andani, wallahi na sani. Duk garin nan ba wanda ya fi ni sani. Amma keke ai keke ne. Wa zai ce min ana yin keke da tukunya?"

"Shi bai gaya maka ba?"

"Ya ce na hannu ne."

"To. Shi a wurinsa ya gama bayani ke nan." Andani ya goge ido da bayan hannu ya bar baƙin mai a kumatu. "Shekara arba'in ina fama da mutumin nan. In ka tambaye shi hanyan Yendi, sai ya ce gaba."

Dariya ta so fito mata, ta juye ta zama wani abu, ta rufe baki da mayafi. Andani ya juya yana gyara sifanu a tebur, waɗanda ba su buƙatar gyara, har ta natsu.

"A yi masa walda," ta ce. "Ko a naɗe wurin da wani ƙarfe."

"Rami ɗaya ka gani. Ruwan ya shiga cikin bututu, ya ci ta ciki, ya ci ta waje. Duk gaban nan ya zama takarda." Ya juya firam ɗin a hannunsa. "Zan iya cikawa da hoda, in goge, in fesa shuɗi. Zai yi kyau, duk wanda ya gani zai ce sabo. Ka ɗora kwali biyu, ka hau titin Kalpohin, ka shiga rami ɗaya, wuyan ya tsinke, tipa tana bayanka. In mun haɗu da Usumanu in ce masa me?"

Ba ta sake roƙo ba. Ya ce masu zubin tukunya na bayan kasuwa suna karɓar irinsa, in tana so ya kai musu. Ta ce ba yau ba, ya ajiye shi tukuna. Ya rataye shi a ƙusa cikin shagon. Ya miƙo mata gwangwanin fentin, ta girgiza kai, ya mayar saman kanta. Ya raka ta har titi, ya tare mata yalo-yalo, ya gaya wa direban unguwarsu kamar ita ba ta san hanya ba.

Bayan la'asar, lokacin da Mashudatu ke tashi daga makaranta, Barikisu ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta kira ta.

"Mma, lafiya? Yau ke kika riga ni."

"Lafiya lau. Keken bai tashi ba."

"Ai da sauran mako guda."

"Ba zai tashi ba. Ni na kashe shi da hannuna."

Ta ba ta labarin a taƙaice, ba ta rage laifinta ba. Daga can ɓangaren ana jiyo hayaniyar 'yan makaranta da ƙarar motoci. Mashudatu ta yi wata uku tana jiran wannan magana, da ta zo kuma sai ta ji ba ta so.

"Mma, ko in sa a nemo wani irinsa? Ana samu a nan. In aiko miki a mota."

"Ba keke na ce miki ba, Mashuda. Wannan na ce."

"Babu wanda zai riƙe ki da maganar nan. Ni kaɗai ce na ji."

"Ni ma na ji." Ta dubi hannunta, yatsun har yanzu a kumbure. "Ruwan ya tafasa a gabana, Safiatu ma ta tambaya, na ce a bar shi. Da ina yadda nake da, tun kumfar farko zan gane. Ki zo ranar Asabar ta sama. Ki taho da manyan jakunkuna, robar ba zan bar ta ba."

"Mma..."

"Kada ki yi min kuka a titi, ke malama ce. Ki gaida mijinki."

Ta kashe wayar ta sa a ƙarƙashin tabarma. Ta katanga tana jin Safiatu tana jiƙa geron gobe, tana faɗa da zabinta da suka hana ta sakat. Za ta gaya mata, amma sai da safe, in an sauke koko.

Duron yana nan a tsakar gida, ya huce, baƙin ruwan ya kwanta. Zabin Safiatu kuwa kullum da yamma sai sun tsallako katanga neman abin sha. Barikisu ta ɗauko fartanya, ta je can ƙarshen gida inda ba a shuka komai, ta haƙa rami daidai gwiwa, tana yi tana hutawa. Ta sa safar roba, ta kwashe ruwan bokiti-bokiti ta zuba a ciki, ta jira ƙasa ta shanye. Sannan ta mayar da ƙasar, ta tattake, ta kife duron a kai.